Lamba Bakwai

Da ƙauri abin ya fara. Ina zaune, ko ina tsakiyar magana, sai in ji ƙaurin wayar lantarki da ta ƙone. In tashi in dudduba, ba komai, waɗanda ke kusa kuma su ce ba abin da suka ji. Tare da ƙaurin wani abu yakan taso mini daga ciki zuwa ƙirji, sannan in ji kamar na taɓa zama a daidai wannan wurin, da waɗannan mutanen, ana wannan maganar. Kafin minti ɗaya ya wuce. Wata bakwai ina fama da haka ban gaya wa kowa ba sai matata, ita ma cikin raha na gaya mata. Ranar da ya tashi daga raha, ita ta gani, ni ban san an yi ba. Ta ce na ƙura wa bango ido, ina motsa baki kamar mai tauna, ina murza gefen rigata, ta kira ni sau uku ban amsa ba. Da na dawo hayyacina kuma na ɗauki mintuna ina magana ba kai ba gindi.

Likitan ƙwaƙwalwar da aka tura ni wurinsa bai taɓa wata na'ura ba a ranar farko. Ya ce in bi ɗan yatsansa da ido kada in juya kai. Ya ce in taɓa hancina, in taɓa yatsan, in koma hanci, da sauri-sauri, shi kuma yana canja masa wuri. Ya sa na yi tafiya a layi ɗaya, diddige na taɓa yatsun ɗayar ƙafar. Ya ce in rufe ido, ya ɗora mini wani abu a tafin hannu. Na shafa, na ce makulli ne. Ya ba ni kalmomi uku in riƙe, ya ɗauke mini hankali da lissafi, bayan minti biyar ya ce in maido masa da su. Biyu na kawo. Raina ya ɗan sosu, ni da na zo da tsoro fal cikina ana sa ni wasan yara.

"Likita, wai duk wannan me yake nunawa?"

"Malam, zagaya kanka nake yi ɗaki-ɗaki, ina ƙwanƙwasa ƙofofi in ji wa zai amsa."

Ya jawo wata ƙwaƙwalwar roba daga kan tebur ya ɓare ta a gabana. Babban curin da ke sama, mai tuddai da kwaruruka, shi ne babbar ƙwaƙwalwa, ɓari biyu ce, hagu da dama, akwai wata gada mai kauri ta jijiyoyi da ta haɗa su. Kowane ɓari yana kula da kishiyar gefen jiki, hagu na juya hannun dama, dama na juya na hagu. Kowanne kuma an kasa shi manyan sassa huɗu. Na bayan goshi shi ke tsara abin da mutum zai yi, ya hana shi abin da bai kamata ba, kuma daga ƙarshensa ta baya umarnin motsi yake fita. Na tsakar ka shi ke karɓar saƙon taɓawa ya san inda kowace gaɓa take, shi ne ya gane makulli ido a rufe. Na ƙeya shi ne na gani, abin da ya ba ni mamaki ke nan, ido yana gaba amma gani a can baya ake yin sa. Na huɗu yana gefe, daidai saitin kunne, shi ke da ji, da fahimtar magana, da sunayen abubuwa. A ƙarƙashin ƙeya akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa, wadda ta sa yatsana bai kuskure hancina ba kuma ban yi tangaɗi a kan layi ba. Ƙarama ce a ido, amma cikin ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86 da ke kan mutum, kimanin kashi huɗu cikin biyar a cikinta suke. Sai kututturen da ya sauka ya haɗe da laka, inda numfashi da bugun zuciya da farkawa daga barci suke. Ya ɗora yatsa a kansa ya ce wannan kam ba a wasa da shi.

Sannan ya juya ɓarin hagu ya nuna mini cikin sashen gefen kunne. A can ciki akwai wani lanƙwasasshen abu da ake kira hifokamfus, mai ajiye sabon abin da mutum ya gani ko ya ji. A gabansa akwai amigdala, mai kula da tsoro, kuma dab da su ne wurin da ake gane wari da ƙamshi. Ya ce ƙaurin da ba kowa ke ji ba, da jin an taɓa yin abu, da abin da ke tasowa daga ciki, da kalma ɗayar da na yar, duk unguwa ɗaya suke nunawa.

"Farfaɗiya ce," in ji shi.

Na ce ai ban taɓa faɗuwa ba, ni a sanina mai farfaɗiya faɗuwa yake yi, sunan ma ya nuna. Ya ce farfaɗiya tartsatsin lantarki ne a cikin ƙwaƙwalwa, faɗuwa kuwa galibi sai in tartsatsin ya bazu ya game ta duka. In ya tsaya a wuri ɗaya, aikin wurin kawai yake hargitsawa. Abin da ya rage shi ne a san me ke kunna shi.

Hoton MRI, na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki, ya nuna. Ƙari ne, kimanin santimita 3, a sashen gefen kunne na hagu, fari-fari a hoton kamar an ɗiga madara a toka. Tambayar farko da likitan tiyata ya yi mini ita ce da wane hannu nake rubutu. Na ce dama. Ya gyaɗa kai, ba da jin daɗi ba. Fiye da 90 cikin 100 na masu amfani da hannun dama, maganarsu a ɓarin hagu take zaune, wato ƙarin ya yi maƙwabtaka da magana. Ya ce zai iya cire shi ina barci, amma ba zai san abin da ya taɓa ba sai na farka, lokacin kuwa bakin alƙalami ya bushe. Ko kuma a tashe ni a tsakiyar aikin, ina magana yana aiki, duk inda maganar ta yi tuntuɓe ya ja da baya.

Matata ce ta tambaya, ni bakina ya mutu. "Likita, ba zai ji zafi ba?"

Ya ce ƙwaƙwalwa ita ke karɓar labarin ciwo daga ko'ina a jiki, amma ita kanta ba ta da jijiyar jin ciwo. Fatar kai da kakkauran tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa su ne masu zafi, su kuma ana kashe su da allura.

Makonni uku aka yi ana shiri, kuma a wurina shirin ya fi aikin gajiyarwa. Aka sake sa ni cikin na'urar, wannan karon ana nuna mini hotuna ina kiran sunansu a zuci, na'urar tana duba inda jini ya ƙaru. Wata likitar gyaran magana ta zaunar da ni gaban hotuna tamanin: raƙumi, tsani, almakashi, guduma, laima, jirgin sama, makulli. Kowanne sai in ce "wannan kaza ne". Duk hoton da na yi jinkiri a kansa ta cire shi, don ranar aiki ba a son a yi shakkar ko kuskuren nawa ne ko na wurin da aka taɓa. Da ta ji ina da harshe biyu, Hausa da Turanci, ta ce dole a gwada duka, don an sha ganin masu harshe biyu da za a taɓa wani wuri harshe ɗaya ya ɗauke ɗayan ya tsaya. Aka samo wata ma'aikaciyar jinya mai jin Hausa, dattijuwa, aka ce ita za ta zauna a gabana.

A waɗannan makonnin na yi karatun da ban taɓa yi ba, wani ya taimake ni, wani ya hana ni barci. Na karanta labarin Paul Broca, likitan Faransa, da majinyacinsa Leborgne wanda yake fahimtar abin da ake faɗa masa amma ba abin da ke fita bakinsa sai "tan". Da mutumin ya rasu a 1861 Broca ya duba ƙwaƙwalwarsa ya ga lahani a ƙasan sashen goshi na hagu, wurin da har yau ake kira da sunansa. A 1874 Carl Wernicke, Bajamushe, ya bayyana akasin haka: mutane masu zuba magana tiryan-tiryan amma ba ma'ana, su ma ba sa fahimtar ta wani, lahaninsu kuwa a bayan sashen gefen kunne yake. Ni ƙarina a gaban wurin Wernicke yake kaɗan. Wanda ya hana ni barci shi ne Henry Molaison, Ba'amurke, wanda a 1953 aka cire masa hifokamfus na ɓangarorin biyu don maganin farfaɗiya. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma daga ranar har rasuwarsa a 2008 bai ƙara iya riƙe sabon abu ba, wanda ya gaisa da shi da safe baƙo ne da rana. Na kai wa likitan tiyata wannan tsoron. Ya ce saboda abin da ya sami wannan bawan Allah ne ba mai taɓa guda biyun, ni kuma ko na hagun ma zai bar mini iyakar abin da zai iya bari.

Na tambaye shi, tunda an san wurin Broca, an san na Wernicke, an kuma yi mini hoto, me ya sa sai an tashe ni. Amsarsa ita ce abin da na fi riƙewa cikin duk abin da aka gaya mini. Ya ce taswirar littafi ta nuna unguwa ce kawai, ba ta nuna gida ba. Wurin da kalma take a kan wani, a kan wani ya gusa da santimita ɗaya ko biyu, ƙari mai girma a hankali kuma yakan tura aiki ya yi ƙaura zuwa maƙwabta. Hoto hasashe ne. Tabbaci sai an taɓa an tambayi mai kan. Ya ce Wilder Penfield ya yi ta yin haka a Montreal ta Kanada tun shekarun 1930, yana taɓa ƙwaƙwalwar masu farfaɗiya da ɗan lantarki suna farke, daga nan ne aka zana taswirar jiki da ke kan ƙwaƙwalwa, inda leɓe da harshe da hannu suka cinye fili, gangar jiki kuwa ɗan wuri kaɗan ta samu.

Ranar aiki na kwanta a gefen dama, aka sa mini allura, na tafi. Ban ji an kafe kaina da ƙusoshi uku ba, ban ji an yanke ƙashi ba. Abin da na fara ji shi ne muryar dattijuwar nan.

"Malam, ka tashi. Kada ka motsa kai. Kana ji na?"

"Ina jin ki, Sista."

Bakina a bushe, ta shafa mini jiƙaƙƙen auduga a leɓe. An yi mini rumfa da shuɗin zane, ba na ganin kowa sai ita da likitar magana da allon hotuna. Ta bayan zanen ina jin ƙarar abin tsotse ruwa, da muryar likitan tiyata a saman kaina. Na nemi zafi ban samu ba. Sai wani nauyi a bayan idona na hagu in an ja wani abu, da na faɗa aka ƙara magani ya tafi. Abin da ya fi damuna, in faɗi gaskiya, kafaɗata ce da na danne.

Ya ce zai fara. Abin da yake taɓawa da shi ɗan ƙarfe ne mai baki biyu, lantarkinsa kaɗan ne, kowace taɓawa daƙiƙa uku ko huɗu. Can sai harshena ya karkace da kansa, ya ja gefe. Na ce wani ya ja mini harshe. Na ji ya ce, "Ɗaya." Ya gusa, leɓena na dama ya yi zir-zir kamar tafiyar tururuwa. "Biyu." Duk inda ya sami amsa yana ajiye 'yar takarda mai lamba a kan ƙwaƙwalwar. Tsakanin ɗaya da biyu akwai kwari guda, na gabansa motsi, na bayansa ji, daidai yadda aka nuna mini a roba.

Sista ta ce in yi ƙidaya. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Na tsaya. Ba mantuwa na yi ba, shida tana nan, ina ganinta, amma bakin ya ƙi karɓar umarni, kamar mota da aka taka wa mai tana fakin. Ya ɗaga ƙarfen, shida ta fito da kanta. "Huɗu," in ji shi. Ƙasan sashen goshi ke nan, unguwar Broca.

Sai aka sauko sashen gefen kunne, aka fara hotuna. Wannan tsani ne. Wannan laima ce. Wannan guduma ce. Ban san lokacin da yake taɓawa ba, da gangan ba a gaya mini. Hoto ya zo na ce, "Wannan…" shi ke nan.

Wannan tsayawar dabam take da ta ƙidaya, kuma ita ce na kasa mantawa. Bakina lafiya lau, ga shi na ce "wannan". Idona ya ga abin sarai, ƙarfe ne, da kai mai huda, da haƙora. Na san a aljihu ake sa shi, na san yadda yake juyawa a ƙofa, har sanyinsa a tafin hannu ina ji. Komai nasa yana nan, sunan ne kawai babu. Ba kamar kalmar da ta maƙale a bakin harshe ba, wadda kake jin harafinta na farko yana leƙowa. Wurin fayau yake, kamar ba a taɓa raɗa wa abin suna ba. Na ji kaina ina cewa, "Na san shi, na buɗe ƙofa ne, na san shi." Sista ba ta taimake ni ba, ta dai riƙe hannuna. Daƙiƙa huɗu, sannan, "Makulli."

"Bakwai," in ji likita.

Sau uku ya koma wurin da hotuna dabam-dabam, sau uku suna ya ɓace, da Hausa da Turanci. Ya gusa gaba kaɗan, Hausa ta fito lafiya, Turancin ya ƙi. Wannan ya zama tara. Na tuna har na yi 'yar dariya, aka ce in daina don kaina na girgiza. A wani wuri kuma ƙaurin nan nawa ya taso, hannuna ya fara rawa. Na ji ya ce a kawo ruwa, aka kwarara ruwan gishiri mai sanyi ƙarara a kan ƙwaƙwalwar, nan take abin ya lafa. Ban ji sanyin ba ko kaɗan.

Bayan taswira sai cirewa, ni kuma ba a bar ni na yi shiru ba, sama da awa ɗaya ina kiran sunayen hotuna, in sun ƙare a sake. Abin da ban sani ba kafin lokacin shi ne ɓawon ƙwaƙwalwa, mai kaurin milimita 2 zuwa 4, rabin labari ne. A ƙarƙashinsa akwai fararen igiyoyin jijiya masu haɗa sashe da sashe, in aka tsinke igiya, ko wuraren biyu suna lafiya, saƙo ba zai isa ba. Don haka yana shiga ciki yana taɓawa. A wani zurfi na kalli almakashi na ce "alkamashi". A wani na kalli raƙumi, da tozonsa da komai, na ce, "Wannan doki ne," kuma ban ji na yi kuskure ba sai da na ga fuskar Sista. Likitar magana ta ɗaga murya ta faɗa. Aka yi shiru a bayan zane. Ya sake taɓawa, tsani ya zama kujera.

"To, iyakarmu ke nan," in ji shi. "Malam, ka yi ƙoƙari. Koma barci."

Da na farka a ɗaki magana tana nan, na kira matata da sunanta, ta fashe da kuka. An gargaɗe mu cewa kwana na biyu da na uku sun fi muni saboda kumburi, amma gargaɗi dabam, gani dabam. Na wayi gari ina neman kofi ina cewa takalmi. Na san abin da nake so, ina jin abin da na faɗa ba shi ba ne, in sake, wani kuskuren ya fito. Na yi fushi da ita ba laifinta, har na juya wa bango fuska. Bayan mako ɗaya kumburin ya sauka, kalmomi suka fara komowa, na yau da kullum da farko, sunayen mutane a ƙarshe.

Akwai abin da bai komo ba. Na lura ina buge goshi da ƙofar kabad in tana buɗe ta sama a damana. Aka gwada faɗin ganina, aka ga wani yanki a sama ta dama ya ɗauke, a idanun biyu. Idanun lafiyarsu ƙalau. Igiyoyin da ke ɗaukar saƙon gani zuwa ƙeya, wasunsu sukan yi kwana su ratsa ta cikin sashen gefen kunne, su ne aikin ya shafa. An faɗa mini yiwuwar haka tun kafin in sa hannu a takarda, na ji ne kawai ban saurara ba, hankalina yana kan magana.

Binciken ƙarin ya nuna mai girma a hankali ne. An bar ɗan ɓurɓushi a jikin igiyar da ta mai da raƙumi doki, ana duba shi da MRI lokaci-lokaci, ina kuma shan maganin farfaɗiya safe da dare. Wani ya tambaye ni ko ban ji haushin an bar saura ba. Ban ji ba. Na ɗanɗana daƙiƙa huɗu a lamba bakwai, na san abin da aka bar mini a madadinsa.

A zuwana na ƙarshe likitan ya nuna mini hoton da aka ɗauka ana cikin aiki. Abu ne ruwan hoda-hoda mai sheƙi, jijiyoyin jini sun yi masa rassa, ga 'yan takardu farare a warwatse. Na nemi bakwai na same ta a bakin ramin da aka cire ƙarin, tazararsu ba ta fi faɗin farce ba. Ba abin da ya bambanta wurin da naman da ke kewaye da shi, launi ɗaya, sheƙi ɗaya.

Har yanzu in na gaji da yamma suna yakan ɓace mini. Likitar magana ta hana matata ƙarasa mini kalma, ta ce ta bar ni in zagaya in same ta da kaina, ta haka hanyar take ƙarfi. Shekaranjiya muna bakin ƙofa za mu fita na shafa aljihu na ce, "Ina… abin nan… na buɗewa." Yana hannunta, ina ganinsa. Ta tsaya tana kallona, ba ta miƙo ba, ba ta ce komai ba, har sai da na ce makulli.